Babur Mai Tashi Bugu Ɗaya

Shekara ta zagayo da tafiyar nan, amma har yau ban huta da tambaya ba. A majalisa, a ɗakin malamai, har a ƙofar masallaci sai wani ya riƙe min hannu ya ce, "Malam Habu, wai da gaske har Faransa kuka je neman babur?" Mu nan Gumel har gobe Faransa muke ce wa tsallaken iyaka, wato Nijar. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai jandarmomi sun kulle mu. Ba wanda ya kulle mu. Ga yadda aka yi tun daga farko, wanda ya sake tare ni kuma sai in ce ya je ya karanta.

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne, kuma wanzami ne ɗan wanzami. Wanda bai san wanzancin ƙauye ba zai ɗauka aski ne kawai. Wanzami gidaje gare shi, gadonsu yake yi kamar gona. Duk gidan da yake naka, in an yi haihuwa kai za ka je ranar suna da sassafe ka aske kan jariri, a ba ka rabonka na ragon suna, in kaka ta yi a auna maka hatsi. Gidajen Kawu suna warwatse a ƙauyukan da ke arewa da Sule Tankarkar, kuma mafi girma a cikinsu gidan Bulama Tukur ne, wanda tun zamanin kakan Kawu su ke yi masa aski.

Abin da ke kai shi can wani tsohon babur ne da ya girmi rabin malaman makarantarmu. Sai ya fara ba shi kunya. Kawu ya ce ba ya tashi da safe. Sau biyu ana suna a ƙauyen Bulama yana isa bayan an watse. To, sai aka haifa wa Bulama jika, suna ya faɗo ranar Juma'a. Ya aiko da goro da saƙo mai laushi: suna girmama Sarkin Aska, wato Kawu, amma jariri ba ya jiran babur, kuma akwai wani wanzami a maƙwabta da ke ta kai musu gaisuwa. Kowa ya gane inda maganar ta dosa. In Bulama ya sauya wanzami, duk garin sun sauya.

Kawu bai san komai game da inji ba. Mutumin da zai bi kan jariri da aska tsirara bai ko karce shi ba, amma ka tambaye shi ina fulogi yake sai ya nuna maka fitila. Iyakar saninsa a zuba mai, a tayar, a tafi. Ni kuwa na fi shi jahilci. Tun da na faɗa kwata da babur ɗin wani ina saurayi ban sake riƙe kan babur ba, adaidaita ce motata, ga shi kuma Allah ya hore min jiki. Amma Kawu ya ce ni zan raka shi, tunda ni ne ɗan boko, na iya duba takardu.

Ban yi wasa da aikin ba. Na je wajen Usaini bakanike, wanda ke duba tsohon babur ɗin. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ni dai Malam, duk sanda aka turo min shi, ina bugawa yake tashi. Amma ƙarfe ma yana tsufa. In za ku sauya, ga shawarata. Wanda bai iya gyara ba kar ya sayi mai wayoyi da yawa. Ku nemi tsohon yayi, mai tanki a gaba da doguwar kujera, mai kik kawai. Ba batir, ba maɓalli. Abin da babu shi a jikin babur ba zai lalace maka a daji ba." Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu, har ina maimaita wa mutane kamar ni na ƙirƙiro ta.

Ranar Laraba muka fara da Gagarawa, domin an ce wani mai sayen hatsi yana da irin wanda muke nema. Motar da muka samu a tasha ƙarama ce, amma sai da aka cusa mu har direba ya raba kujerarsa da wani. Ɗan kamasho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, kai kujera biyu ne." Na ce ban je Makka ba tukuna, ya ce ai shi ba Makka ya duba ba. Wata tsohuwa ta yi dariya har ta ƙware. Tafiyar ba nisa, amma na sauka ƙafata ta hagu ba ta san ni ba, ga wata akuya da aka tura a but ta leƙo ta bayan kujera ta tauna min wuyan riga.

Mai hatsin ya karɓe mu da fara'a. Babur ɗin na tsaye a inuwar shago, ja wur, fentinsa har yana ƙamshi. Kawu ya tattare babbar riga zai matsa kusa, sai mutumin ya yi wuf ya riga shi. "Haba Baba, muna tsaye ka buga kik? Allah ya kiyaye." Ya yi ta bugawa, can ya tashi da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe har kajin unguwa suka watse. Ni kuma, don in nuna ban zo a banza ba, na buɗe murfin tanki na leƙa. Wallahi babu ɗigon mai, sai tsatsa da yanar gizo.

Na ce, "To da me yake tafiya?"

Ya nuna min wani galan da aka ɗaure da roba a gefe, an ja masa tiyo zuwa inji. "Tankin ya huje tuntuni, Malam. Mun bar shi ne don kyau."

Na tambayi birki. Ya ce na baya yana ci in an yi haƙuri da shi, na gaba kuwa ai ba mai taɓa shi sai ɗan birni. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mutumin nan ba yaudara yake ba, bai ɓoye mana komai ba, shi a ganinsa lafiyayyen babur yake sayarwa. Bai bar mu mun tafi ba sai da aka kawo ɗanwake daga cikin gida, an zuba masa yaji kamar ana fushi da mu. Kawu ya ci, ya yi gumi, ya sa albarka, ya ce za mu yi shawara. Muna fita ya ce min, "Wannan ko kyauta aka ba ni sai an haɗa min da jaki." Muka koma Gumel da yamma hannu rabbana.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Abin kunya ne in faɗa, amma duk kusancin nan rabona da ita tun ina ɗalibi. Na san kasuwar dabbobi ce, ban san ta kai haka ba. Shanu iya ganinka, Buzaye sun naɗe fuska sai ido, manyan motoci ana ta loda musu raguna za su kudu. Wani raƙumi ya sunkuyo ya shinshina hulata, na kurma ihu, mai shi ya ce, "Gaisuwa ce, Malam." Kawu kuwa kamar a tsakar gidansa yake. Ko'ina sai ka ji "Sarkin Aska! Sarkin Aska!" domin mutanen ƙauyukansa duk a nan suke cin kasuwa. Kafin mu kai layin masu babura mun tara 'yan rakiya, kowa yana so a ce da shi aka zaɓa.

Ga sababbi a kwali, ga na hannu, ga roba-roba jere. Kawu bai ko kalli roba-roba ba, don ba inda zai ɗaura zabirarsa ta kayan aski, balle cinyar rago. Amma akwai wani ruwan toka, sabuwar ƙira ce da aka yi ta da siffar na da: tanki a gaba, doguwar kujera, madubi zagaye. Yana da kik, yana kuma da maɓallin tayarwa. Kawu ya daɗe a kansa. Ya shafa tankin, ya taɓa maɓallin da yatsa a hankali, ya tambayi ko batirin yana jimawa. Dillalin, wani siriri mai baki kamar rediyo, ya ga ciniki ya zo, sai ya ɗaga murya don jama'a su ji.

"Baba, ka zo gida! Wannan don irinku aka ƙera shi. Tsoho, mai ciwon gwiwa, wanda ƙarfi ya ƙare masa, dannawa kawai zai yi ya tafi!"

'Yan rakiya suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana? Wannan shi ke yi wa masu ciwon gwiwa ƙaho." Kawu ya janye hannunsa daga kan babur ɗin ya ce, "Ba irinsa nake nema ba." Ni ma na sa baki da karatun Usaini, na yi dogon bayani kan batir da wayoyi, jama'a suna gyaɗa kai. Na ji daɗin kaina ƙwarai a lokacin.

Sai wani dattijon dillali ya ja mu gefe. Ya ce in na da muke so na gaske, akwai guda a tsallake, wajen wani tsohon malamin asibiti da ake kira Mushe Lawali, Mushe kuwa shi ne Malam a bakin masu Faransanci. A Kano ya saye shi da daɗewa, takardunsa duk na Najeriya ne. "Kuma bugu ɗaya yake tashi, rani da damina."

Kawu ya juyo da sauri. "Bugu ɗaya?"

"Bugu ɗaya, Sarkin Aska. In ya kai biyu ka ce ni maƙaryaci ne."

Muka ci balangu a tsaye, wanda sai da na haɗiye aka gaya min na raƙumi ne. Bayan azahar mu da dattijon dillalin muka hau bayan wata a-kori-kura tare da buhunan masara da matan da suka gama cin kasuwa, muka nufi iyaka.

A ɓangarenmu ba a daɗe da mu ba. A wancan ɓangaren ne na ga abin da ban saba ba. Jandarma sai da ya sara mana, ya ce sannunku da hanya, sannan ya nemi katin shaida. Daga nan ya nuna zabirar Kawu ya ce a buɗe. Kawu ya zazzage ta a kan benci: asake suna walƙiya, ƙahonni, almakashi, dutsen wasa aska, 'yan ƙullin magani. Jandarman ya ja da baya ya kira wani, wanin ya kira shugabansu. Na fara tunanin wa zai kai wa iyalina labari. Shugaban ya fito, wani ƙato da suke ce wa Shef. Ya ɗauki ƙaho guda ya jujjuya, ya dubi Kawu ya ce, "Baba, kana yin na baya? Tun damina ban iya sunkuyawa." Haka na zauna a kan iyakar ƙasa biyu riƙe da hular jandarma, mai ita yana bayan ofis ba riga, ƙahonni manne a bayansa, yana ta sa wa Kawu albarka. Wannan ita ce kullewar da kuka ji.

Mushe Lawali dogon mutum ne, tsaf-tsaf, mai tabarau mai kauri. Na zaci a zaure za mu ga babur ɗin. A falo yake, a kan tabarma, an lulluɓe shi da zanen gado. Da ya yaye, ni da ban san babur ba sai da na ce masha Allah. Baƙi ne da ruwan azurfa, ya fi na Kawu girma da nauyi, ba tsatsa ko ɗigo. Shi moto yake ce masa, fulogi kuma buji, sai da ya nuna da yatsa na gane. A wajenmu mai saye ne ke tambaya. A can mu aka titsiye. A ina zai riƙa kwana? Wane mai za a zuba masa, na gidan mai ko na kwalba? Wa zai riƙa wanke shi? Da Kawu ya ce shi fa bai iya gyara ba, sai Mushe ya ce, "Madalla. Masu cewa sun iya su ke kashe moto. Wannan ba ya son a dame shi. Baƙin mai a kan lokaci, buji in ya tsufa, shi ke nan. Kayansa kuma duk ƙauyen da ka shiga akwai."

Na tambaye shi dalilin sayarwa. Ya cire tabarau ya nuna idonsa. "Ya ragu. Ran nan na gai da kututture, na ɗauka mutum ne. Ba zan jira sai na kashe ɗan wani ba." Muka yi dariya ni da dillali. Kawu bai yi ba.

Aka fito da shi ƙofar gida. Mushe ya ce baƙonsa, kuma yayansa, ba zai buga kik a ƙofar gidansa ba. Ya hau, ya taka da dukan nauyinsa sau ɗaya, inji ya kama da wani sauti mai kauri, natsattse. Kawu ya karɓa ya zaga unguwa ya dawo fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka an daɗe. Aka yi ciniki, na duba takardu, lambar inji ta yi daidai, aka shafa fatiha. Kafin a gama rana ta faɗi, an rufe iyaka, Mushe ya ce dole mu kwana.

Aka kawo dambu da zogale, mai daɗi, da wani dogon burodi mai taurin da ya kusa tafiya da haƙorina, da cuku. Sannan shayi. Mu mun san shayi a babban kofi da madara. Nasu a ɗan ƙaramin kofi ne da bai fi kurɓa biyu ba, baƙi, ɗaci da zaƙi sun haɗu sun yi faɗa. Na ce a ƙara min ruwa, suka dube ni kamar na yi saɓo. Kwana kuma a tsakar gida aka shimfiɗa mana, cikin gidan sauro, har da mai gidan, wai ɗaki na kaya ne. Na lura Kawu a zaune ya yi nafila, na ce gajiyar hanya ce.

Ana sallame asuba Mushe ya tayar mana da babur, ya shafa tankin, ya shige gida bai waiwayo ba. A iyaka dole muka kashe inji. Shef da kansa ya fito yana sunkuyawa yana miƙewa don mu ga baya ya warke, ya ce Baba ba zai wahala a gabansa ba, ya buga mana sau ɗaya muka wuce. Daga Maigatari Kawu bai bi kwalta ta Gumel ba, ya yanki burtali yamma, ya ce ta nan ya fi kusa, za mu isa ana shimfiɗa tabarmi. Babur ɗin kam ba shi da laifi. Yana ɗauke da Kawu da ni da zabira, amma ko nishi ba ya yi. Har na fara tsara yadda zan ba da labari a majalisa.

Mun yi nisa, gonaki sun ƙare, sai muka faɗa wani rairayi mai zurfi a gindin tudu. Tayar gaba ta nutse, muka yi tangal-tangal, na zube gefe kamar buhun gero, inji ya mutu. Ba wanda ya ji ciwo. Kawu ya ce, "Hau tudun can ka jira ni, ba zai fita da mu biyu ba." Na kaɗe riga na hau. Da na kai sama na juyo.

Kawu ya ɗora ƙafa a kan kik ya taka. Kik ɗin ya sauka rabi ya tsaya. Ya gyara tsayuwa ya sake, haka. Da ya ƙara gwadawa sai na ji ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta daga bakinsa ba, ya saki babur ɗin ya zauna a ƙasa. Na gangaro a guje. Ya naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura kamar ƙoƙo, kewaye da tabon ƙaho, sabo a kan tsoho. Shi ya yi ta yi wa kansa a ɗaki.

"Kawu, tun yaushe?"

"Tun bara."

"To tsohon babur ɗin fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Da safe yana son a yi ta bugu kafin ya tashi, ƙafar kuma ba ta kaiwa. Da rana in akwai mutane sai su tayar min. Amma da asuba wa zan riƙa tasowa kullum ban tona kaina ba? Na ce in na sami mai tashi bugu ɗaya, ɗaya dai zan iya." Ya dubi babur ɗin da ke kwance. "Ban san nasa bugun ya fi nauyi ba."

Na shiga tuno tafiyar tun daga Gagarawa. Mun duba tanki, mun duba birki, mun duba takardu da lambar inji, amma ko sau ɗaya wanda zai hau babur ɗin bai tayar da shi da ƙafarsa ba. Ba mugunta ta hana ba, ladabi ne. A ƙasarmu ba a barin dattijo ya buga kik ana kallo, kuma da wani ya bar shi ya buga, ni ne zan fara cewa ba shi da tarbiyya.

Na ɗaga babur ɗin na ce bari in gwada. Na murɗa totur, na taka, na sake murɗawa, na sake takawa. Kik ɗin ya dawo ya doke ni a ƙwauri har na ga wuta. Warin fetur ya tashi, inji ko tari bai yi ba. Na ce mu tura, amma wa zai tura wannan ƙarfe a cikin rairayi? Na ciro waya, layin Nijar take nunawa, kira ya ƙi shiga. Muka zauna. Kawu bai yi min faɗa ba, bai yi wa kansa ba, rana kawai yake kallo tana ɗagowa. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar na safiyar nan ba.

Can sai ga wani magidanci da amalanken shanu zai kai taki gona. Ya ce na shayar da shi mai da yawa, a bar shi ya huce. Muka ƙara jira. Sannan ya ce, "Zauna Baba," ya taka, ya tashi. Ya taya mu fitar da shi daga rairayin, muka yi godiya muka wuce.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga garin. Tun daga nesa na ga an fara naɗe tabarmi, an feɗe rago. A bakin zaure wani mutum, wanda bai kai Kawu shekaru ba, yana wanke aska, ga gashin jariri a cikin ƙoƙo kusa da shi. Bulama Tukur ya miƙe da kansa ya tarbe mu, ya zaunar da Kawu a kan buzu, ya sa aka kawo waina da fura. Ba abin da ya rage na girmamawa. Sannan ya je ya zaga babur ɗin, hannu a baya, ya daɗe yana dubawa.

"Masha Allah, Sarkin Aska," in ji shi. "Da muna cewa babur ne ke hana ka. Wannan kuwa ko Kano ne ya kai ka kafin hantsi." Sannan ya ƙara da cewa, "Mun jira har rana ta ɗaga. Mata suka ce jariri ya gaji."

Nan na gane abin da muka yi. Da a tsohon babur muka zo, wataƙila da an ce ƙaddara ce. Yanzu mun zo a makare a kan abin da kowa ke gani ba ya lalacewa, ba abin da ya rage a ce sai raini. Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba haka ba ne, abin da ya faru..." Sai na ji hannun Kawu a wuyan hannuna. Ya riƙe ni riƙon da sai da ƙashina ya amsa.

"Laifina ne, Bulama," in ji shi. "Allah ya raya abin da aka samu."

Ya roƙi a fito masa da jaririn. Ya karɓe shi, ya juya kansa a hankali cikin haske, ya duba bayan kunne da ƙeya. Ya dubi ɗayan wanzamin ya ce, "Hannunka da kyau. Allah ya yi albarka." Muna zaune aka wuce da rabon wanzami ta gabanmu, aka ɗaura a bayan babur ɗin wancan. Da muka tashi tafiya samari suka yi rige-rigen tayar mana.

Sai da muka hau kwalta kusa da Sule Tankarkar ya tsaya a gefen hanya, bai kashe inji ba. Na sauka, na ce abin da ke cina. Na ce, "Kawu, don Allah me ya sa ka hana ni? Kalma ɗaya ce. Da sun ga gwiwar nan da sun ba ka haƙuri, da gidan bai fita hannunka ba."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Habu, in suka ji ƙafa ta tafi, hannu za su fara kallo. Ba a garin nan kaɗai ba, har sauran. Gara a ce na raina Bulama, da uwa ta miƙo min ɗanta gabanta yana faɗuwa."

Alhamis ta gaba ya tura ni Maigatari ni kaɗai, na sayar da baƙin, na sayo mai maɓallin na ce wa kaina na saya, aka kai masa gida da magariba. Na riƙe bakina kan maganar gwiwar har bana, da ya fara dogara sanda, ba sauran abin ɓoyewa, shi da kansa ya ce in rubuta ko wani zai bar tsohonsa ya buga kik kafin a biya. Gidajen da suka rage masa suna nan, har yanzu suna miƙa masa jariransu. Na Bulama bai dawo ba.